Abin da Ke Cikin Jitar Saja Markus

A Rikoto, cikin garin Zuru, babu wanda bai san Saja Markus yana da jita ba, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa ya iya kaɗa ta. Tana rataye ne a bangon ɗakinsa a kan wata ƙusa mai kauri, tsakanin kalandar coci da hotonsa na ranar da ya ajiye kakin soja. Sau ɗaya a shekara yake sauko da ita, ranar Kirsimeti bayan an ci shinkafa. Ya hure mata ƙura, ya zauna a gindin mangwaro, ya kaɗa waƙa ɗaya tak wadda ya ƙirƙira da harshensu na C'lela tun yana saurayi. Da ya gama sai ya ce yatsunsa sun gaji, ya mayar da ita. Maƙwabta sun haddace waƙar tsaf, kajin gidan ma sun daina gudu.

Jitar kuwa tana da tarihi, kuma idan ka kuskura ka tambaye shi, to ka nemi wurin zama. Yayansa ne ya kawo ta daga barikin Kaduna ya bar masa. Lokacin Markus yana golmo a Manga, wato noman da saurayi da abokansa suke yi wa uban yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita. Yarinyar ita ce Leah. Markus bai taɓa zama gwanin garma ba, kunyoyin da yake yi duk a karkace suke, don haka ya riƙa zuwa gona da jita a bayansa. Da zarar Leah ta kawo wa manoma kunu, sai ya yar da garma ya kama tsirkiya. Uban Leah ya yi haƙuri har ya gaji. Ran nan ya ƙwace jitar ya jefa a rumbu, ya ce ba za ta fito ba sai an gama golmo. Shekara uku ta yi a cikin dawar rumbun. Ranar biki aka miƙa masa amarya da jita a lokaci ɗaya, kuma Leah takan ce har gobe ba ta san wacce ya fi murnar karɓa ba.

Daga nan jitar ta bi su bariki bariki, Jos, Inugu, Maiduguri, har suka dawo gida Zuru. Tsirkiya biyu sun tsinke a hanya, ya maye su da wayar birkin babur. Muryarta ma ta dishe a 'yan shekarun nan, kamar mai mura. Markus ya ce tsufa ne, shi ma ai tasa muryar ba kamar da ba. Leah kuma ta raɗa mata suna gidan gizo-gizo.

Wata Lahadi a ƙarshen bazara, ana zafi ana duban gabas ko hadari zai taso, Haggai ya tare shi a ƙofar coci. Haggai shi ne shugaban mawaƙa, malamin firamare ne, mutum mai ladabi wanda in yana son abu yakan fara da gaisuwa mai tsawo.

"Baba Saja, ina gajiya? Ina Mama? Ina su Rachael da yara?" Sai da ya gaishe da kowa har jikoki, sannan ya zo kan magana. Jitar mawaƙa ta karye a wuya, benci ya faɗa mata. "Baba, taka kuma tana barci a bango shekara guda cur. Abin kiɗa ba don ƙusa aka yi shi ba. Ina da jar akuya, tagwaye take haihuwa. Ka ba mu jita, in kawo maka ita har gida."

Markus ya ce zai yi tunani. Ya kuwa yi, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Gaskiyar magana, Haggai bai faɗi ƙarya ba, shi ne ma abin haushin. Mutumin da ya iya waƙa ɗaya, me zai yi da jita sukutum? Amma duk lokacin da Markus ya kalli bango ya ƙiyasta ƙusar nan ba komai a kanta, sai ya kawar da kai. Ba akuya yake so ba, ba kuma yabon coci ba. Abu ɗaya yake so a duniya: Leah ta buɗe baki ta ce kada ya sayar. Shekara arba'in da biyu tana tsokanar jitar nan, yana dariya, amma a can ƙasan zuciyarsa bai taɓa sanin ko waƙar ta taɓa yi mata daɗi ba ko haƙuri kawai take yi.

Ya kai ƙara wurin abokinsa Arzika, ɗan Danko mai sayar da hatsi a kasuwa. Arzika mutum ne da ba ya rasa shawara, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

"Saja, wanga abu ai ba shi da wuya," in ji Arzika yana share bakin mudu da tafin hannu. "Ka tai gida ka gaya ma uwargida kai tsaye. In ta yi shiru, ko tac ce bari mu gani, to tana son abinta, kak ka saida. In ko tac ce saida, shi ke nan, ka amshi akuya. Mace ba ta ɓoye abin da ta ka so."

Arzika ya faɗi haka ne da tabbacin mutumin da bai taɓa zama da Leah ba.

Da yamma Markus ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya jawo kujera, ya gyara murya sau biyu kamar zai ba kurata umarni.

"Maman Rachael, Haggai yana son jitar nan."

"To."

"Wai zai ba da akuya."

"Akuya dai tana haihuwa," in ji Leah. "Waccan kuwa gizo-gizo kaɗai take haifa."

"Ina nufin in sayar fa."

Leah ta kwashe da dariya, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Sayar mana, Baban Rachael. Bango ma ya huta."

Markus ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ƙara, amma cewa ta yi ya matsa da ƙafarsa, yana taka mata ɓawo. Ya tashi ya shiga ɗaki ransa a ɓace, ɓacin ran da ya fi ƙarfin maganar, kuma da yake shi tsohon soja ne sai ya kira abin yanke shawara.

Ranar Asabar da sassafe Leah ta hau babur zuwa Manga gaishe da ƙanwarta. Ko ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba Markus ya aika wa Haggai. Haggai ya zo janye da jar akuya, Arzika ya zo shaida. Aka duba haƙoran akuya, aka taɓa cikinta, aka yi musabaha, Arzika ya ce Allah ya sa albarka. Ciniki ya faɗa. Markus ya ɗaure akuyar kusa da zogalen Leah, ya ce jitar kuma shi da kansa zai kai ta coci da la'asar lokacin koyon waƙa, don ba zai bari a ɗauke ta daga gidansa kamar kayan gwanjo ba.

Da la'asar ya sa riga mai guga, ya goge jitar da man gyaɗa har tana ƙyalli, ya rungume ta ya kama hanya. Hadari ya haɗu a kan duwatsu, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗawa. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaya ko Kirsimeti ta matso ne. Bai kula kowa ba.

Mawaƙa wajen ashirin suna zaune a kan bencina, mata da tulun kiɗa da caki, maza da ganga. Haggai ya karɓi jitar da hannu biyu, ya ɗora a cinya, ya ja yatsa a kan tsirkiya. Ya yamutsa fuska. Ya sake ja.

"Baba, kamar akwai abin da ya toshe ta."

"Tsufa ne," in ji Markus.

Haggai ya ɗaga ta ya girgiza da ƙarfi, abin da Markus bai taɓa yi mata ba tun da yake, don shi lallaɓa ta yake kamar ƙwai. Wani abu ya motsa a ciki, luƙus. Haggai ya kifa ta, ya zura yatsu biyu ta ramin, ya jawo wani ɗan ƙulli na tsumma, an naɗe shi tam da baƙin zare. Ya ajiye a benci. Ya sake zura yatsu, ya jawo wani. Da wani. Sai da ƙulli bakwai suka jeru.

Alice mai tulun kiɗa ce ta fara ja da baya tana cewa, "Yesu Mai Ceto!" Sauran suka bi ta, benci ya zama fayau. A Zuru kusan kowane gida ya ba da soja, kuma kowa ya ji labarin irin abubuwan da tsofaffin sojoji suke ɗaurawa kafin su tafi daji, maganin bindiga da maganin ƙarfe. Ga tsohon saja, ga ƙulli bakwai da baƙin zare, ga su kuma a cikin ɗakin sujada. Ba wanda ya tsaya neman wani bayani. Haggai yana ta goge yatsunsa a wando.

Aka ruga aka kira Dattijo Dawuda, babban dattijon coci, wanda gidansa ke bayan katanga. Ya zo da tabarau a kan hanci, ya tsaya nesa kaɗan, ya tsokani ƙulli ɗaya da sandarsa.

"Markus," ya ce cikin murya mai nauyi, "shekara nawa kana cin Jibin Ubangiji tare da mu?"

"Dattijo, ban san su ba. Ban taɓa ganinsu ba."

"A cikin jitarka suke."

Markus ya sunkuya don ya duba da kyau. Ya gane tsumman. Wannan shuɗin mai zanen kifi tsohon zanen Leah ne, wanda ta ɗaura ranar da aka raɗa wa Rachael suna. Wancan mai ɗigo-ɗigo kuma ɗankwalinta ne na Maiduguri. Leah! Ashe shi ya sa shekara arba'in da biyu bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ashe shi ya sa ko a bakin daga, in an kawo abinci, miyarta yake tunawa. Shi da ake tsoro a fareti, an ƙulle shi a cikin jitarsa yana rataye a bango.

Ya ɗaga kai ya ga idanun mutum ashirin a kansa, ya kuma hango gobe Lahadi: a kira sunan Leah a gaban jama'a, a sa ta zauna a bencin baya, matan da take jagoranta a addu'a suna zunɗenta. Sai ya ji ko ma me ta ɗaura masa, ba zai iya jure wannan ba. Ya miƙe, ya haɗa dugadugai.

"Nawa ne," ya ce. "Na tuna yanzu. Tun na zamanin soja ne. Matata ba ta san da su ba."

Alice ta dafe kai. Dattijo Dawuda ya girgiza nasa cikin baƙin ciki, ya ce tun da ya amsa da bakinsa, akwai gafara, amma kayan sai wuta. Aka share ƙullin da tsintsiya zuwa cikin wani tsohon kwano, aka fita da su ƙofar coci. Wani ya kawo kananzir. Dattijo ya ce a rufe ido a yi addu'a tukuna, kuma da yake addu'arsa ba gajera ba ce, ita ce ta ceci lamarin.

"Wa ya isa ya ƙona mini iri?"

Kowa ya buɗe ido. Leah ce, ɗankwali a karkace, tana haki. Ta dawo daga Manga ta tarar da wata baƙuwar akuya ta cinye mata rabin zogale, ta shiga ɗaki ta ga ƙusa tsirara. Ta ture mai kananzir, ta ɗauki kwanon, ta zauna a dakalin coci, ta ciji baƙin zaren da haƙori. Ƙulli na farko ya buɗe.

"Kuɓewa," ta ce, ta nuna a tafin hannu. Ta buɗe na biyu. "Yakuwa. Wannan riɗi. Wannan kabewa ce, irin ta uwata, babu ita a kasuwa, ko a Manga ta ƙare sai wurina. Dattijo, ga hadari a kanmu, gobe ko jibi za a yi shuka, shi ne za ku yi mini addu'a ku cinna wa irina ashana?"

Dattijo Dawuda ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Alice ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka kama, har mai ganga ya faɗo daga kan dutse.

"Amma Mama," in ji Haggai, "Baba ya ce nasa ne, na zamanin soja."

Leah ta juya ta kalli mijinta, kallo mai tsawo. Markus ya mai da hankali kan wata tururuwa da ke wucewa kusa da takalminsa.

"Wato ka zaci asiri na yi maka."

"Ban ce ba."

"Ka zata, kuma ka ce naka ne." Muryarta ta ɗan sauka. Ta hau ɗaure ƙullin riɗi.

"To me ya sa a cikin jita?" Markus ya tambaya a hankali. "Ga tukwane, ga gwangwani."

"Tukunya ɓera yana shiga. Gwangwani jikokinka su ɗauka su yi mota. Rachael in ta zo, duk abin da ta gani sai ta ce ara mini. Na duba gidan nan kaf, abu ɗaya na san ba mai taɓawa, kuma ba zai taɓa fita ƙofa ba ko da yunwa za ta kashe mu."

"Ke kika ce in sayar."

"Na kuma ce ka daina munshari, ka daina?"

Markus ya ji kunya da daɗi sun cakuɗe masa, har bai san inda zai sa hannuwansa ba. Amma an riga an yi musabaha a gaban shaida, akuya tana gidansa, ta ma ci zogale. Namiji ba ya tsayawa a ƙofar coci ya ce ya fasa ciniki don matarsa ta harare shi. Ya ce wa Haggai, da muryar da ba tasa ba, jitar tasa ce.

Haggai, da yake yana son ya kwantar wa tsofaffin da hankali cewa abinsu ya faɗa hannu nagari, ya zauna ya murɗa kunnuwan jitar ɗaya bayan ɗaya. Da cikinta ya zama wayam, sai ga murya ta fito garau, har wayar birkin ma ta yi zaƙi. Ya kama waƙar Kirsimetin Saja, wadda ya taso yana ji ta kan katanga. Ya kaɗa ta tiryan-tiryan, ba tuntuɓe, ya ƙara mata ado a ƙarshe. Mawaƙa suka tafa. Markus ma ya tafa, zuciyarsa tana ciwo, don sai yau ya ji yadda waƙarsa ya kamata ta kasance.

"Ba ita ba ce," in ji Leah.

"Ita ce, Mama."

"Ina wurin da ake tsayawa?"

Haggai ya kalli Markus. Markus ya sunkuyar da kai. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar, daidai bayan an kira sunan Leah, inda ɗan yatsansa bai taɓa samun tsirkiyar da yake nema a kan lokaci ba. Kiɗan yakan tsaya cak, ya lalubo, sannan ya ci gaba. Shekara da shekaru yana fatan ba mai lura.

"Mama, ai ba a cikin waƙar yake ba," Haggai ya ce cikin ladabi. "Yatsan Baba ne yake ɓata."

"Na sani. Ka ɗauka ni kurma ce?" Leah ta miƙe ta karkaɗe zane. "A gonar ubana, Baban Rachael ya kira sunana a waƙar, kiɗa ya tsaya, manoma duka suka juyo. Ni kuma na zaci amsa yake jira, na ce na'am da ƙarfi a gaban ubana. Dukan da na sha ran nan, har yau in an yi sanyi ina jin sa. Tun daga lokacin, duk shekara in ya kai wurin nan sai na amsa a cikina. Kai ka bi ta kai da gudu kamar motar Kwantagora, ina zan sa amsata?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwanon rufi, sai na biyu.

Markus ya tsaya yana kallon matarsa. Idanunsa suka cika, bai kuma damu da wanda ya gani ba. Ya taka zuwa gaban Haggai, ya miƙa hannu biyu.

"Malam Haggai, ban taɓa mayar da magana ba tun da nake. Yau na mayar. A gaya wa Arzika, a gaya wa duk Rikoto, Saja ya fasa. Ka zo ka kwance akuyarka."

Haggai ya miƙa masa jitar ba musu. Ruwa ya sauko da ƙarfi, mawaƙa suka ruga cikin coci. Leah ta kwance ɗankwalinta, ta bar furfurarta a ruwa, ta lulluɓe jitar da shi tun daga wuya har ciki.

"Riƙe ta da kyau, Baban Rachael," ta ce. "Mu je gida."